Jelar Shanun Gundarra

Saniya ta ɗari uku da sha ɗaya ce ta fara fasa min baki. Na kamo jelarta ta tsakanin ƙarafa, na naɗe gashin a hannun hagu, kafin in ja wuƙa ta watso ƙafa ta same ni a haɓa. Na ji haƙorina ya shige cikin leɓe. Makiyayan da ke zaune bisa shinge suka kwashe da dariya, muryar yayana Kelvin ta fi ta kowa tashi.

"Des, ashe a jami'a ba a koyar da tsayuwa bayan saniya?"

Na tofar da jinin, na datse gashin, na jefa a buhu. Na ce, "Ta gaba."

Sunana Desley Rankine. A gandun kiwo na Gundarra aka haife ni, a ɗakin kwanon da ke bayan rumfar sirdi, kuma ni ce ta farko a zuriyarmu da ta gama jami'a. Aikin akanta na karanta a Darwin, ba wanda ya kamo ƙafata a ajinmu, ba na kuwa jin kunyar faɗa. Kamfanin Dalmoor, mai Gundarra da wasu gandaye shida, ya ɗauke ni aiki a babban ofishinsa na Brisbane, har ya buga hotona a rahoton shekara, wai a ga inda suka kai 'yar makiyayinsu.

A littafin kamfani, Gundarra na da shanu dubu goma sha takwas da ɗari huɗu. A kan wannan adadi ake sayar wa mutane hannun jari, a kansa shugaban kamfani Hamish Penhallow da babban jami'in kuɗi Lachlan Voss suke yanka wa kansu ladan ƙarshen shekara. Ni kuwa na san rijiyoyin Gundarra tara ne, biyu sun ƙafe, kuma farin shekara biyu ya bar ƙasusuwa har bakin titi. Duk wata uku sai Voss ya ƙara maruƙan da ba a haifa ba, ya ƙi cire shanun da suka mutu. Sau biyu ya ajiye min takardar tabbatar da adadin, sau biyu na sa hannu. Ba zan ɓoye wannan ba. A karo na uku na ce masa zan zaga, na sauka titi na kira hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari.

Mai binciken da suka turo sunanta Marika Kostoglou. Ta haura hamsin, ta tura manyan attajirai uku gidan yari, amma ba ta taɓa taka kashin shanu ba. Ta samo umarnin kotu a ƙirga kowace dabba cikin kwana goma sha huɗu. Ta nuna min tsarinta: a kora shanun cikin shinge, su bi ta siririn lungun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatanta biyu su riƙa danna na'urar ƙirga.

Na ce, "Madam, wallahi dubu goma sha takwas za ki samu cif, har da gyara. Wadda kika ƙirga yau a shingen gida, jibi za a zagayo da ita ta bayan dutse a kawo miki ita a shingen arewa. Kusan dukansu farare ne masu tozo. Za ki gane ta?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "To yaya kuke yi?"

"Gashin jela ake datsewa. Wadda ta wuce, a yanke. Sai ta kusa shekara kafin ya dawo. In kin ga mai guntuwar jela, kin san an ƙirga ta. Haka kakana ya yi, haka Baba yake yi kafin ƙirga ta koma ofis."

Manajan gandun, Gavin Treloar, ya saurari wannan a tsakar fili yana murza hularsa. Ƙato ne, wuyansa ja kamar an dafa. Ya ce, "Kotu ta ce in tara shanu, zan tara. Ban ga inda ta ce in yi musu aski ba." Ya juya ga makiyaya. "Duk wanda ya taɓa wuƙa a cikinku, ya ɗaure kayansa, shi da iyalinsa."

Madam ta buga waya har garin Katherine tana neman 'yan kwadago. Ba wanda ya yarda, kowa a yankin da Dalmoor yake cin abinci. Ɗaya daga cikin ma'aikatanta ya gwada kama jela, bijimi ya targaɗa masa wuyan hannu, hukumarsu ta hana su sake kusantar lungun. Saura ni. Lissafin a fili yake. In na kasa, ko dai a ci gaba da ƙirga ba yanka, su zagayo da shanu su cika ƙaryarsu, ko a tsaya har wa'adi ya ƙare. Ko wanne ya faru, Penhallow da Voss sun sha, abin da zai rage a gaban alƙali takardu biyu ne masu ɗauke da sunana.

Baba shi ke riƙe da ƙofar lungun. Clarrie Rankine, shekara talatin da huɗu yana shugaban makiyayan Gundarra. Tun da na sauka daga mota bai ce min ko sannu ba. Ya ja ƙofa, saniya ta shigo, ya rufe, in yanke, ya buɗe ta gaba. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, amma idonsa na kan shanu. Da saniyar nan ta fasa min baki ma, ƙofarsa kawai ya ja.

Ranar farko na yi ɗari takwas da casa'in. Gashin jelar shanu kamar waya yake, ga kashi ga ƙaya sun daskare a ciki. Kafin la'asar tafin hannuna ya yi bororo, washegari bororon ya fashe, rana ta uku na naɗe hannun da tsumma na ɗaure da salatif. Duk saniya hamsin sai na wasa wuƙa. Ƙudaje suka maida leɓena gidansu.

A ranar ta uku, da aka tashi cin abincin rana, na je wanke fuska a tankin ruwa. Kelvin ya same ni can. Ya girme ni da shekara shida, 'ya'yansa uku, gidan da suke ciki na kamfani ne.

"Ke kin san abin da kike yi kuwa? In kamfanin nan ya rushe, ina zan kai yara? Brisbane, ɗakinki mai na'urar sanyi?"

"Ni na kashe shanun, Kel?"

"Ke kika tona."

"To da ka bar su a raye."

Bai bari na rufe baki ba. Ya kai min naushi a kunne, na bugu da jikin tanki, ƙarfen ya yi ƙara kamar ganga. Ya shaƙo wuyan rigata ya danna kaina cikin kwamin da dawakai ke sha. Na ga koren gansakuka, na haɗiyi ruwa, ƙirjina ya fara wuta. Na lalubo bokitin ƙarfe a gefe na maka masa a gwiwa da duk ƙarfina. Ya sake ni ya durƙusa. Na ɗago ina tari, na sake ɗaga bokitin na sauke masa a kafaɗa.

Na ce, "Tun ina 'yar shekara tara ka daina iya ni. Ka manta ne?"

Ya miƙe yana ɗingishi. "Ke ba 'yar gidanmu ba ce kuma. 'Yar takarda."

Madam ta ga kunnena ya kumbura, ta ce za ta kira 'yan sanda. Na ce mata ofishinsu mafi kusa tafiyar awa huɗu ne, kuma faɗan gida ne. Ta kafa kyamara a kan sanda ta saita ta ga lungun, ta ce daga yau ba za a kashe ta ba.

Rana ta biyar Treloar ya zo ya tsaya a bayana yana kallo, bindigar harbin dabbobi rataye a kafaɗarsa. Wata tsohuwar saniya ta shigo tana ɗan jan ƙafa. Ina riƙe da jelarta ya ce, "Wannan ta karye ai." Ban ga lokacin da ya saita ba. Ƙarar ta toshe min kunnuwa, jini da ɓargo suka wanke min fuska da wuya, saniyar ta zube a lungun tana shure-shure, jelarta na fizgar hannuna. Shanun da ke baya suka haukace, suka hau juna, ƙarafa na lanƙwasa.

Treloar ya ce, "Ayya, Malama akanta, na ɓata miki riga? Dokar jin ƙan dabbobi ce, ba a barinsu cikin wahala."

Na durƙusa na datse gashin gawar, na ɗaga wa mai ƙirga. "Rubuta ta. Da ranta ta shigo." Sannan na dubi Treloar. "Manaja, ka rage wa kamfaninka ɗaya. Ka ƙara harbin wasu mana, aikina zai yi sauƙi."

Wani daga kan shinge ya yi dariya ya haɗiye ta. Sai da aka kawo tarakta aka ja gawar, awa guda ta tafi a banza. Na shiga bayan rumfa na yi amai inda ba mai gani, na wanke fuska, na dawo.

Washegari da hantsi ƙaramin jirgi ya sauka, Voss ya fito da sabuwar hular makiyaya da takalmin da bai taɓa ganin ƙura ba. Ya aika a kira ni rumfar cin abinci. Ya zuba min shayi da hannunsa, ya turo min faranti na naman gishiri da burodi.

"Desley, Desley. Dubi yadda kika koma. Yarinyar da nake alfahari da ita."

"Yallaɓai, shanu na jirana."

Ya buɗe jaka ya shimfiɗa takardun nan biyu. Ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. "Ni daga Brisbane nake, ban san saniya ba sai a faranti. Ke aka haifa a nan. In aka tambaye ni, zan ce ƙwararriyar da ta san gandun ita ta tabbatar min da adadin. Wa kike ganin alƙali zai yarda da shi?" Ya kurɓi shayi. "Rana ta buge ki, kowa ya gani. Ki shiga jirgin nan a kai ki asibiti. Lauyan kamfani zai tsaya miki. Tsohonki ya mutu a gidansa, yayanki ya ci gaba da aikinsa. Me ya fi wannan?"

Na ɗauki naman na ci, don yunwa nake ji, na shanye shayin. Na ce, "Hularka a juye take, Yallaɓai. Ƙullin a baya yake zama." Na tashi.

Ya ce a bayana, murya ƙasa-ƙasa, "Shinge wuri ne mai haɗari, Desley."

Zuwa yammacin rana ta takwas mun kai dubu shida da ɗari tara, an gama da shingen gida, aka koma na arewa. A can shanun daji ne, wasu ba su taɓa ganin mutum a ƙasa ba.

Rana ta tara da safe, wata karsana ta juya a bakin lungun ta toshe hanya. Wanda ya kamata ya gyara ta ya ɓace. Na tsallaka cikin ƙaramin shingen da ake matse shanu kafin lungu, na murɗa mata jela ta miƙe. Sai na ji ƙarar sakata a bayana. Na waiga. An buɗe ƙofar da ke tsare da bijimai, Treloar na tsaye a wurin, hannunsa a aljihu.

Bijimin da ya fito baƙi ne, ƙahonsa ɗaya a karye. Na ruga shinge, na kama ƙarfe na sama, ƙafata ɗaya ta hau. Ya same ni a kwiɓi. Na ji haƙarƙarina sun yi ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya ɗaga ni ya buga da ƙarafa, na faɗo, ya sa goshi ya niƙa ni da ƙasa, numfashinsa mai zafi a wuyana. Na miƙa hannun dama zan ja jiki ta ƙarƙashin shinge, ya taka shi. Nauyinsa duka ya sauka a kan yatsuna. Na yi ihun da ban san ina da shi ba.

Bulalar Baba ce ta kore shi. Na ji ta tana fashewa sau uku, huɗu, sannan aka ja ni ta ƙafa zuwa waje. Da na buɗe ido, sama nake gani da fuskar Madam, fara fat.

Treloar yana cewa, "Sakatar ce ta kwance. Na sha faɗa a gyara ta." Kyamara lungu take kallo, ba ta ɗauki ƙofar ba.

Jirgin likita ya iso da azahar. Likitar ta ce haƙarƙari uku da yatsu uku sun karye, dole a tafi da ni Darwin a ɗauki hoto. Na tambayi Madam ko kotu za ta ƙara kwanaki. Ta ce ta riga ta buga waya, lauyoyin kamfani sun ƙi, sauraren ƙarar sai bayan mako biyu.

Ta ce, "Desley, ba zan roƙe ki ki zauna ba. Ba ni da wannan hurumin. In kin tafi, zan nemi wata hanya."

"Akwai wata hanyar?"

Ta juya ta dubi shanun da ke cike da shinge.

Na ce wa likitar ta ɗaure abin da za ta iya ɗaurewa, ta ba ni ƙwayoyi. Ta ce ba ni da hankali, ta sa na sa hannu a takardar ƙin magani. Da hagu na yi, kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Jirgin ya tashi ba ni.

Rana ta goma na tsaya a bakin lungun. Na maƙale jela a lanƙwasar gwiwar hannun dama, na yanka da hagu. Kowace fizga sai ta bi ta haƙarƙarina kamar an soka min ƙarfe mai zafi. Wuƙa ta kuɓuce min sau bakwai, sau ɗaya ta tsaga min cinya. Sau biyu na suma a tsaye, na farka ina rungume da ƙarfe. Ba wanda ya yi dariya a kan shinge ranar. Da rana ta faɗi, mai ƙirga ya ce ɗari biyu da goma.

Treloar ya zo yana fito. "Madam, a wannan tafiyar sai Kirsimeti. Ki bar yarinya ta huta, mu kora miki su a guje, ki danna abinki, kowa ya tafi gida."

Madam ta ce, "Gobe ƙarfe shida."

Da safe na yi shanu goma sha huɗu. A ta goma sha biyar jelar ta zame, na bi ta, na faɗi da gwiwa, na kasa tashi. Ina kallon wuƙar a cikin ƙura, taku ɗaya daga inda nake, amma hannuna ya ƙi zuwa. Sai na ga wani hannu ya ɗauke ta, baƙi, mai jijiyoyi, babban yatsan ba farce.

Baba ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya yi tsaki. "Wa ya koya miki wasa wuƙa haka?" Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin kwana goma sha ɗaya. Ya zaro dutsensa daga aljihu ya ja ta sau shida. "Saura kamar dubu uku da 'yan kai. Ni na san abin da ke cikin dajin nan. Na daɗe da sani." Ya kama jela ya datse, ya jefa a buhu, kamar mai tsinke ganye.

Treloar ya taho da sauri. "Clarrie! Ajiye wuƙar nan."

"Ina aiki, maigida."

"Ka ji abin da na ce ranar farko. Shekara talatin da huɗu, tsoho. Gidanka, kabarin matarka, duka a ƙasar kamfani suke."

"Na ji." Baba ya ɗaga kai ga wanda ke kusa da ƙofa. "Kai, turo ta gaba."

Akwai guntun bututun ƙarfe da ake tokare shanu da shi a lungu. Treloar ya zare shi. Na yi ihu, Baba ya juya, bututun ya sauka tsakanin wuyansa da kafaɗa. Na ji ƙashin ya karye daga inda nake. Baba ya durƙusa, Treloar ya sake ɗagawa ya sauke masa a baya, ya sake ɗagawa.

Kelvin ya diro daga kan shinge. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu haka da gurguwar gwiwa ba. Ya rungumi Treloar ta ciki suka faɗi tare, ya haye ƙirjinsa, ya riƙa dukan fuskarsa da hannu biyu, yana yi yana kuka. Haƙora suka zubo cikin ƙura. Treloar ya daina karewa, Kelvin bai daina ba, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi. Muƙamuƙin Treloar ya koma gefe guda, yana gurnani cikin jininsa.

Wannan karon komai a gaban kyamara aka yi.

Na ja jiki zuwa wurin Kelvin, na ce, "Kel." Ya tofa miyau kusa da ƙafata.

"Ba don ke na yi ba. Ke kika jawo masa."

'Yan sanda suka iso da la'asar, suka tafi da Kelvin da ankwa, jirgin likita ya ɗauki Treloar da ɗan sanda a gefensa. Likitar nan ce dai. Ta duba Baba ta ce ƙashin kafaɗarsa ya rabu biyu, dole ya shiga jirgi. Baba ya ce ta rataya masa hannun kawai. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ashe gado ne."

Voss ya bugo waya daga Brisbane ya sa aka faɗa wa makiyaya cewa umarnin na nan, wanda ya taɓa wuƙa ya kori kansa. Ba wanda ya taɓa. Ban zarge su ba, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Ni da Baba muka tsaya a bakin lungu. Hannunsa na hagu a rataye, nawa na dama a ɗaure. Ya ce, "Ni in kama, ke ki yanke. In kika yanke min yatsa, zan rama." Ya naɗe jela a damansa ya ja ta miƙe, na sa wuƙa da hagu. Ta farko ta ɗauke mu kusan minti guda. Ta ashirin, rabin haka. Kafin duhu mun daina kallon juna, hannunsa na ja, nawa na bi.

Washegari na lura da wani abu. An ɗaure karnuka. Ba mai ihu, ba mai bulala. Makiyayan suna turo shanun a hankali, da 'yar murya, yadda ake yi wa saniya mai sabon ɗa, shanun kuwa suna shigowa lungu su tsaya cak. Wani ya ajiye dutsen wasa wuƙa da gorar ruwa a kan ginshiƙi kusa da ni, ya wuce abinsa. Muka yi ɗari tara da arba'in ranar.

Ba na tuna rana ta goma sha uku sosai. Na san zazzaɓi ya kama ni, na san cinyata ta yi ruwa, na san Baba ya yi fitsari da jini ya ce kada in faɗa wa Madam. Na san akwai lokacin da na ce masa ba zan iya ba, ya ce, "To, yi guda ɗaya ki huta." Na yi. Ya ce, "Ƙara ɗaya." Haka ya yi ta yaudarata har rana ta faɗi.

Rana ta goma sha huɗu, wajen ƙarfe uku, jirage masu saukar ungulu biyu suka dawo daga zagayen ƙarshe, Madam na cikin ɗaya da tabaron hangen nesa. Ta sauko ta ce sun bi kowace rijiya da kowane kwari, ba su ga doguwar jela ko ɗaya ba. Saura 'yan maruƙa goma sha biyu a shinge. Muka gama da su. Baba ya saki jelar ƙarshe ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙarfe ya rufe ido.

Mai ƙirga ya karanto: dubu goma da ɗari shida da goma sha biyu.

Madam ta rubuta, ta sa hannu, ta miƙo min a matsayin shaida. Ta riƙe min allon rubutun da kyau har na gama jan sunana.

Shari'ar ta ci wata goma sha shida. Da aka ga Gundarra, kotu ta ba da umarni a ƙirga sauran gandaye shida, aka samu ramin ya fi haka zurfi. Penhallow ya samu shekara shida, Voss biyar da rabi, an kuma hana su shugabancin kowane kamfani. Treloar ya samu huɗu saboda Baba. Batun bijimi ba a iya tabbatarwa ba. Kelvin ya yi wata biyar, ya fito ya kwashe iyalinsa zuwa garin Mount Isa, har yau ba ya ɗaukar wayata. Waɗanda suka sayi Gundarra sun zo da mutanensu. Baba yana zaune a ɗakin haya a Katherine, hannunsa ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, sai ya nemi izini a rubuce kafin ya ziyarci kabarin Mama.

Ni ma an gurfanar da ni, ranar wata Talata, a ƙaramin ɗaki, ba 'yan jarida. Lauyata ta so ta ce tsoro ne ya sa ni, wai yarinya ce ƙarama a hannun manya. Na hana ta. Na miƙe na ce wa alƙali na san adadin ƙarya ne lokacin da na sa hannu, kuma albashin nake so. Ya yanke min ɗaurin talala na shekara guda, aka karɓe lasisina na akanta na shekara uku.

Yanzu awo nake yi a kasuwar shanu ta Katherine, ina rubuta nauyi da hannun hagu, don yatsu biyu na dama sun ƙi lanƙwasawa. Wasu dillalan ba sa amsa gaisuwata, ni ma na daina yi musu. Saura wata goma sha tara. Ranar da suka cika, ƙarfe takwas na safe ina bakin ofishin masu ba da lasisi, kuma ba roƙo zan je yi ba.